Idan A-kori-kura Tana Mutuwa a Silo: Abin da Za a Duba Kafin a Sayi Kayan Gyara

Da yawa daga cikin iyalanmu da suka sami wurin zama a Nima, Maamobi da sauran unguwannin Zango na Akra, abincinsu yana rataye ne a kan motar ɗaukar kaya. Wani direba ne, wani yaron mota, wasu kuma karo-karo suka yi suka sayi tsohuwar Hilux ko Nissan ko L200 domin jigilar kayan 'yan kasuwa. Tun da aka mayar da masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a shekarar 2021, tafiyar ta ƙara nisa, tsayuwa a gosulo ma ta ƙaru. A irin wannan tsayuwar ce matsalar take bayyana: mota tana gudu lafiya, amma da zarar an ɗage ƙafa daga totur sai inji ya yi rawa ya mutu.

Yawancin abubuwan da ke jawo haka ƙanana ne, gyaransu ba shi da tsada. Asarar tana zuwa ne idan aka fara sayen kaya a kan zato. Shi ya sa muka tsara yadda za a bi abin daki-daki, daga mai araha zuwa mai tsada.

Me ya sa sai a silo?

Idan inji ya ɗumama yana silo, yakan juya kamar sau 600 zuwa 900 a minti ɗaya. Iska kaɗan yake sha, mai kaɗan yake ƙonawa, ƙarfin da yake bayarwa bai wuce abin da zai riƙe kansa ba. Saboda haka ƙaramin cikas da ba za a ji shi a kan babbar hanya ba ya isa ya kashe shi a tsaye. Injin fetur yana buƙatar iska, mai, da wutar fulogi. Injin dizal ba shi da fulogin tartsatsi, matsi ne ke kunna mansa, don haka matsalarsa ta fi zuwa ta hanyar mai.

A fara da lura

Kafin a taɓa sifana, direba ya lura da lokacin da motar ke mutuwa, domin shi ne rabin ganewa.

Idan da safe ne kawai, kafin inji ya ɗumama, a zargi dauɗa a maƙogwaron iska ko na'urar da ke auna zafin ruwa. Idan sai ta yi zafi take mutuwa, ta ƙi tashi sai ta huce, an fi zargin na'urar da ke ƙirga juyawar inji ko famfon mai da ya gaji. Idan tana mutuwa daidai lokacin da aka taka birki, mai yiwuwa iska na shiga ta tukunyar birki ko tiyonta. Idan kuwa sai an kunna fitila ko na'urar sanyaya mota, a duba caji. In matsalar ta fara ne bayan shan mai ko bayan ratsa ruwa, to a fara neman ruwa a cikin mai.

Iska

A buɗe akwatin matatar iska a ɗaga ta a rana. In haske ba ya ratsa ta, ta toshe. Ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu tana cika ta da wuri. Daga nan a duba maƙogwaron iska, inda faifan totur yake. A silo faifan kusan a rufe yake, iska na bi ta 'yar ƙaramar kafa, ita kuma ƙura da tururin baƙin mai sukan taru su toshe ta. Wanke wurin da maganin wanke kafireto da tsumma mai tsabta ya warkar da motoci da yawa.

Akwai kuma iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Zafi yana busar da tiyon roba har ya tsage, iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan. A kasa kunne ko za a ji ƙaramin sauti kamar na maciji, a bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da ido da hannu, nesa da fanka da bel.

Mai

Mun san da yawa ba sa iya cika tanki, sai a zuba na aikin yini. Amma tafiya kullum da mai a gindin tanki tana sa famfo ya zuƙi laka da iska, kuma a motocin da famfon ke cikin tanki, man ne ke sanyaya shi. In hali ya yi, kada a bar shi ya sauka ƙasa da kwata.

A motar dizal, akasarin matatun mai suna da 'yar kusa a ƙasa ta tsiyaye ruwa. A tara kwalba mai haske, a kwance ta kaɗan. Ruwa ya fi mai nauyi, za a gan shi ya kwanta a ƙasa. Bayan an ɗaure, a danna famfon hannu da ke saman matatar har ya yi tauri. In washegari ya sake saki, iska na shiga ta wani wuri a hanyar mai. Wannan binciken ya fi muhimmanci da damina, watan Mayu da Yuni, lokacin da babban kwalbatin Nima ke cika ruwa ya hau titi. A riƙa shan mai a gidan mai sananne, a ajiye rasit. Hukumar da ke sa ido a kan ingancin mai a Gana ita ce NPA, kuma da rasit ake kai mata koke.

Wuta da caji

A injin fetur, a kwance fulogi a duba bakinsa. Baƙi ƙirin da toka yana nuna mai ya yi yawa, fari fat yana nuna iska ta yi yawa, jiƙe da baƙin mai kuma yana nuna ciwon ya kai cikin inji. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 idan mota a kashe take, kuma kusan 14 idan tana aiki. A kankare farin gishirin da ke kan batir, a ɗaure shi tamau. Kada a yarda a cire kan batir inji na aiki wai don gwada caji. Wannan tsohuwar dabara tana iya ƙona kwamfutar mota, kuma kuɗinta ya ninka na gyaran da aka zo yi.

A wurin makaniki

A Akra ana kiran makaniki fita. A gaya masa abin da aka lura da shi dalla-dalla. Idan motar mai kwamfuta ce, a nemi a sa mata na'urar karanta lamba, a kuma rubuta lambar a takarda. P0505 na nufin tsarin silo, P0171 iska ta rinjayi mai, P0335 na'urar ƙirga juyawar inji. Lambar tana nuna inda za a bincika ne kawai, wani lokaci waya ce ta tsinke. A ce ya gwada kafin ya canza, ya canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, ya kuma mayar da tsohon da ya cire. In za a je Abossey Okai ko Kokompe sayen kaya, a tafi da tsohon a hannu, a yi magana a kan mayarwa kafin a biya. Ƙara silo da sukudireba ba gyara ba ne: yana rufe ciwon, yana ƙara shan mai.

Kiyaye rai

Idan inji ya mutu, sitiyari da birki suna yin tauri. Kada a ɗauki iyali ko kaya masu nauyi a motar da ke haka, musamman inda akwai gangara. In ta mutu a titi, a kunna fitilun gargaɗi, a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya, fasinja su sauka ta gefen da ba motoci. Kada a bar inji yana aiki a cikin rufaffen shago ko kusa da tagar ɗakin kwana, domin hayaƙin salansa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe mai barci. A sabbin injinan dizal, kada kowa ya kwance bututun nozul inji na aiki, matsin man yana iya huda fata. Yara su yi nisa da buɗaɗɗen bonet, kuma ba sigari kusa da mai.

Wanda ya karanta wannan ya karanta wa direban da ke kusa da shi.