Adadin 20.000: siffofinsa a lissafi da sunayensa a Hausa

A wannan maƙala za mu dubi adadi guda, 20.000, ta fuskar lissafi da ta harshe.

1. Ta fuskar lissafi. Adadin cika ne, ba mara ba. In aka warware shi, ana samun 2⁵ × 5⁴. Lambobi 30 ke raba shi ba saura. 3 ba ta ciki, tana barin 2. Jimillar masu raba shi, ban da shi kansa, 29.203 ce, ta zarce shi. Don haka yana cikin rukunin da Faransanci ke kira « abondant ».

2. Ta fuskar harshe. Zamanin wuri, 20.000 shi ne keso guda, wato zambar ashirin. Barth, da ya ratsa Tasawa da Gazawa a 1851, ya ga ana ƙirga wuri biyar-biyar, ana tara tsibi na 200 ko na 1.000. Kowannensu yana raba keso daidai, domin 2 da 5 ne tubalansa.

A kasuwannin Gangara da kewaye, biyar ɗin na nan: dala sefa 5 ce, jikka sefa 1.000. Ke nan sefa 20.000 jikka ashirin ce, ko dala dubu huɗu.

3. Abin lura. Yaron da ya san « ɗari » a kasuwa, sefa 500 yake nufi, malami kuwa 100. Muna ganin ya kamata littattafan lissafi na makarantu masu harshe biyu su bambanta ƙirgan kuɗi da ƙirgan abubuwa tun ajin farko.