Karatu a Azhar: Shirin da Ya Kamata Kafin a Ɗaure Kaya

Hanyar Masar ba baƙuwa ba ce ga masu neman ilimi daga yankinmu. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka kafa makarantar Ibn Rashiƙ a Alƙahira domin ɗalibansu da alhazansu. Daga baya Barebari suka samu nasu sashen kwana a cikin masallacin Azhar, wanda Faɗimiyawa suka aza harsashinsa a shekarar 970. A da sai an yi watanni a kan raƙumi, yau kuwa 'yan sa'o'i ne a jirgin sama daga Kano. Sauƙin hanyar nan ya sa wasu iyayen ke tura 'ya'yansu ba tare da cikakken shiri ba.

Abin da ke fara tarbar ɗalibi shi ne harshe. Yaro ya haddace Ajurumiyya, ya sauke Ishriniya, ana yaba masa a gida. Ranar da ya tsaya sayen burodi a Madinatu Nasr, ko ya shiga ƙaramar bas yaron mota na kwarara kiran unguwanni, sai ya ji kamar bai taɓa zama gaban malami ba. Larabcin littafi daban, Ammiyyar titi daban, kuma wasu malaman jami'a kan zame cikinta ana tsakiyar darasi. Shi ya sa Azhar ke yi wa baƙi jarrabawar tantance mataki, wanda bai kai ba a tura shi cibiyar koyon Larabci tukuna. Wannan zama ba faɗuwa ba ne, harsashi ne. Ɗalibin da ya killace kansa cikin 'yan gida, Hausa safe Hausa dare, yakan dawo da shahada amma bakinsa bai buɗe ba.

Sai batun takardu. Idan makarantar da yaro ya gama ba ta da mu'adala, wato Azhar ba ta amince shahadarta daidai take da tata ba, ana iya mayar da shi ma'ahad ya sake karatun sakandare. Shekaru kan salwanta a nan. Ga kuma iƙama, izinin zama da ake sabuntawa: sammako, dogon layi, hotuna da takardar shaida daga makaranta. Wanda ya bari tasa ta mutu, tara na jiransa, kuma kullum a ɗarare yake fita.

Kuɗi ma sai an yi lissafi. Masu minha, wato tallafin karatu, kan samu ɗaki da abinci a Madinatul Bu'us, unguwar ɗaliban ƙasashen waje. Saura kuwa haya suke kamawa su huɗu, su biyar, ana karo-karon girki. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, abin da ake aikowa daga gida ba ya kaiwa inda yake kaiwa a da. Mai son likitanci ko injiniyanci, fannonin da wata dokar Masar ta 1961 ta shigo da su Azhar, ya sani kuɗinsu ba ƙarami ba ne, kuma likitanci da Turanci ake koyar da shi.

Abin da ya faru a Sudan ma ya isa ishara. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗalibanmu da ke karatu a can sun yi kwanaki a kan iyakar Masar kafin a kwaso su. Kowane ɗalibi ya yi rajista da ofishin jakadanci, ya kuma adana kwafin takardunsa a gida.

Dawowa ma da nata shirin. Sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance shahada kafin bautar ƙasa, likita kuma sai ya ci jarrabawar hukumar likitoci kafin ya taɓa mara lafiya.

Ilimin yana nan, malaman suna nan, har yau ana zaman karatu kyauta a farfajiyar Azhar. Amma kada uba ya sayar da gona ya miƙa wa dillalin neman gurbin karatu kuɗin bisa alkawarin baki. Ya ga takardar ɗauka da idonsa, ya tambayi waɗanda suka je suka dawo, sannan ya sa wa ɗansa albarka ya tafi.