Ɗakin da Ruwa Ka Iya Shiga

Duk wanda ya taɓa neman ɗakin haya a Duwala ya san ba rufi ake fara kallo ba, gindin bango ake dubawa. Ka durƙusa, ka shafa da tafin hannu. In ka ga wani layi mai duhu-duhu ya zagaye ɗakin, irin wanda miya ke bari a jikin tukunya, to ruwa ne ya rubuta iyakar inda ya kai bara. Garin nan yana shan ruwan sama fiye da mita uku da rabi a shekara, alhali Kano da kyar take haɗa mita ɗaya, kuma a Yuli da Agusta sai ka rantse sama ta huje. Mu 'yan New Bell da wannan muka tashi. Tun wajejen 1914 da Jamusawa suka yanka unguwar don su janye mutanen Bell daga bakin kogin Wuri, baƙi ne suka cika ta, Hausawa da Bamileke da Basa, a kan ƙasa mai kwari wadda ko yayyafi ba ta rainawa.

A watan Janairun 2022 na raka ƙanwata Japoma neman ɗaki, don cunkoson cikin gari ya ishe ta. Rani ne, ƙasa a bushe, ga gasar cin kofin Afirka ana yi a sabon filin wasan nan mai ɗaukar mutum dubu 50. Dillalin da ya zagaya da mu bakinsa bai huta ba. Magana biyu na riƙe daga gare shi. Ta farko, ya buga ƙirji ya ce, "Alhaji, wannan ɗaki ne da ruwa ba ya shiga." Ta biyu, da muka jiyo ihun 'yan kallo daga nesa, ya ce Aljeriya ce ƙasar da za ta ɗauki kofin, a rubuta a ajiye. Ba laifinsa ba ne sosai: kofin yana hannunta ta zo, kuma ta jera wasa 35 ba a doke ta ba. Ranar 16 ga wata Ikwatoriyal Gini ta ci ta ɗaya da nema a nan Japoma, bayan kwana huɗu Kodebuwa ta zura mata uku ta rama ɗaya, ta tattara ta koma gida tun a zagayen farko. Na ce wa ƙanwata, mutumin da ya yi wa Aljeriya wannan alkawari ya kamata a sake duba bangonsa. Bangon kuwa sabon fenti ne har ƙasa. Amma kuɗin hayar da sauƙi, sai ta kama.

Cikin watan Mayu na kai musu ziyara, na tarar da 'yarta ta baje littattafai a tabarma tana shirin jarrabawar BEPC. Sunan mahaifiyarmu ta ci, don haka Uwata nake ce mata. Makarantarsu ta Faransanci ce, amma Ingilishi dole ne, tunda Kamaru da harsunan hukuma biyu take tafiya tun haɗewar 1961. An ba su jimloli da gurbi a tsakiya su cike. Ta ɗago a fusace.

"Kawu, may da might da can da could, ai duk pouvoir ne a Faransanci. Don me Ingilishi zai raba abu ɗaya gida huɗu?"

Na ce, "Uwata, rufe littafin, zo mu duba bango."

Abin da aka tambaye su ya shafi guntun zancen nan da ke bin suna a baya don ya fayyace shi, wanda mu muke buɗewa da "da" ko "wanda", Ingilishi kuma da that ko who ko which. Aikinsa ɗaya da na shaidar da ake yi wa dabba a kara. Awaki sun cika kasuwa, ka ce "akuyar da ke da farin goshi", shi ke nan an gane ta. A ƙa'ida shaida abu ce da ke jiki, ido yana ganinta. Abin mamakin shi ne harshe yana iya yi wa abu shaida da abin da bai faru ba tukuna, ya bambanta wannan ɗaki da wancan ba da layin ruwan da ke bango ba, da hadarin da ke gabas. Ƙananan kalmomin da suka ɓata wa yarinyar rai aikinsu ke nan.

In Bature ya ce a room that floods, magana ta ƙare: ɗaki ne da ruwa ke shiga, layin yana nan kowa ya gani. In ya ce a room that can flood, ya sassauta, amma har yanzu halin ɗakin yake faɗa. Ba kullum ba, ba kowace damina ba, sai dai an san shi da haka, kamar yadda za ka ce wa baƙo ya yi hankali da karen gidan nan, yakan yi cizo. Can tana tsaye ne a kan abin da aka sani. Asalinta ma a tsohon Ingilishi "sani" take nufi, kamar dai "iya" tamu, wadda muke cewa wane ya iya ɗinki, mu kuma juya mu ce ruwa na iya zuwa.

May kuwa ba halin ɗakin take faɗa ba, iyakar sanin mai magana take nunawa. A room that may flood ɗakin ƙanwata ne sak: fenti ya rufe shaida, ban ga ruwa ya shiga ba, ban kuma isa in rantse ba zai shiga ba. Wannan bambanci shi ne wanda ɗalibai suka fi tuntuɓe a kai, kuma a ganina shi ya fi cancantar a zauna a kansa, maimakon haddar da ake sa yara ta cewa wai may kashi hamsin ce cikin ɗari, might kashi talatin. Babu Baturen da ke yawo da ma'auni a aljihu. Gaskiyar ita ce might tsohuwar siffar may ce ta lokacin da ya wuce, could kuma ta can, sai aka mai da nisan lokaci ya zama nisan tabbas. Mai cewa might ya ja da baya taki ɗaya, kamar tela ana saura kwana uku Salla, wanda ya daina cewa "za ka samu" ya koma "bari dai mu gani".

Inda na ga idon yarinyar ya buɗe shi ne da muka zo kan korewa. A room that may not flood da a room that cannot flood a takarda kamar Hassan da Husaini suke, amma tsakaninsu akwai katifa da buhun shinkafa. Na farko, ƙila ruwa ba zai shiga ba. Na biyu, ba ta yadda za a yi ya shiga, sai ka ce a kan tudu aka gina shi. Dillalinmu na biyun ya sayar mana, alhali na farkon kawai yake da shi a hannu. Ta yi dariya ta ce to fentin fa? Na ce shi ma da kalmarsa: a room that may have flooded, ɗakin da mai yiwuwa ruwa ya riga ya shiga aka shafe sawunsa. Shakka ba gaba kaɗai take kallo ba, tana waiwaye.

Faransancin da take taƙama da shi ma bai tsira ba. In kana cigiyar wanda zai gyara maka rufi, ba ka san ko akwai shi ba, malaminsu zai so ta rubuta quelqu'un qui puisse, ba qui peut ba, wato aikatau ɗin kansa ake lanƙwasawa. Ingilishi bai wahalar da kansa haka ba, sai ya jefa could a gaba, someone who could fix it, ya bar aikatau tsirara, babu ƙarin s, babu to.

Amma abin da ya fi yi mini daɗi shi ne na nuna mata cewa duk wannan yana bakinta tun kafin ta san hanyar makaranta. Hausa ta fi su duka kula da wannan gurbi. Muna cewa "sun zo", amma da zarar "da" ta shiga sai mu ce "mutanen da suka zo". "Yana zuwa" ya koma "wanda yake zuwa". Akwai wani lokaci namu na abin da ake sa rai ba tare da an ɗaure kai ba, irin na "ma gani" da "ka ji a jikinka", kuma shi sam ba ya zama bayan "da" a daidaitacciyar Hausa. Sai ga wata 'yar ƙaramar "ka" wadda nan ne gidanta. Kunna sashen Hausa na kowace rediyo da safe, ba za a gama labarai ba ka ji "matsalolin da ka iya tasowa" ko "cutar da ka iya yaɗuwa" ko "abin da ka iya faruwa" ba. Dubi yadda take: namiji ne, mace ce, jam'i ne, "ka iya" ba ta sauya riga, daidai yadda may ba ta damu da ko he ne a gabanta ko they ba. Ba wanda ya koya wa ƙanwata nahawu, amma ranar da muka zo ganin ɗakin ita ce ta raɗa mini cewa wannan kwatar ta bayan gida irin wadda ka iya cika ce.

Yarinyar ta koma tabarma ta cike gurabenta, tana yi tana motsa baki, na san da Hausa take auna kowace jimla kafin ta rubuta. Can sai iska ta taso daga wajen kogin Dibamba, ƙofar langalanga ta fara bugawa, masu babur a bakin titi suka ruga neman rumfa. Ƙanwata ta leƙa waje, ta dawo ba ta ce komai ba, ta kama gefe ɗaya na buhun shinkafar.

"Yaya, taimaka mu ɗora shi kan benci."

Uwata ta tattara littattafanta ta sa a saman kwaba, sannan ta ɗauko alli ta zauna kusa da gindin bango.