Zane A Kwamfuta: Raba Aikinka Falle-Falle Kafin Ya Rikice

A hutun da ya wuce, wata Islamiyya a Ajingi ta ba ni aikin zana fastar walimar saukar karatu, saboda an ji ina taɓa CorelDRAW a wani shagon kwamfuta a Gaya. Ana gobe za a kai Kano a buga, malamin ya kira ni: na rubuta Hasana a wurin Husaina. Gyaran minti ɗaya ne. Amma ina jan sunan, sai adon bango ya biyo shi, tambarin makarantar ya goce. Sai tsakar dare na gama mayar da komai wurinsa, caji na gab da ƙarewa. Da an buga da kuskuren, da kuɗin bugu sun tafi, yarinyar kuma ta yi walima da sunan wata.

Laifina ne, domin na tara komai a falle ɗaya.

Masu zane na kiran fallen nan "leya". Ka ɗauka ledoji ne masu shara-shara aka jera, wata kan wata. Kowace da abin da aka zana mata, amma in ka duba daga sama hoto ɗaya za ka gani. Na sama yana rufe na ƙasa, shi ya sa rubutu ke ɓacewa idan hoto ya hau kansa.

Manhajojin zanen bekta duk suna da wannan tsari: Adobe Illustrator da ya fito a 1987, CorelDRAW na ƙasar Kanada a 1989, da Inkscape na 2003, wanda kyauta ake sauke shi. Suna ajiye zane ne a matsayin lissafin layuka da lanƙwasa, ba ɗigo-ɗigo irin hoton waya ba, don haka tambarin da ka yi wa katin gayyata zai cika allon talla bai dushe ba.

Ga yadda nake yi yanzu. Falle huɗu nake buɗewa: bango a ƙasa, sai hotuna, sai tambari, rubutu a can sama. Kowanne ina sa masa suna, saboda wanda zai karɓi aikin a wurin bugu. A gefen kowane falle akwai alamar kwaɗo da ta ido. Da na gama bango sai in danna kwaɗon, ba zai sake motsi ba. Idon kuwa ɓoye falle yake yi ba tare da ya goge shi ba. Ta haka za ka yi rubutun Hausa a falle ɗaya, na Larabci a wani, fasta biyu ke nan a fayil guda. A Illustrator maɓallin F7 ne ke buɗe jerin fallayen.

Idan makarantarku na da ɗakin kwamfuta, gwada da bajen makarantar: garkuwa daban, alama daban, taken daban. Kulle biyu, ka canza launin na ukun, ka ga ko wani abu zai goce.