Dokar Albashi Mafi Ƙanƙanta: Abin Da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Sani

A watan Yuli na 2024 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta ɗaga albashi mafi ƙanƙanta daga Naira 30,000 zuwa Naira 70,000 a wata. Za a riƙa sake duba adadin bayan kowace shekara uku, maimakon biyar.

Dokar ta hau kan gwamnatoci da kamfanoni, amma ban da ma'aikatar da ma'aikatanta ba su kai 25 ba.

Wanda dokar ta shafa, in aka biya shi ƙasa da haka, haƙƙinsa bai faɗi ba, ko da ya yarda da bakinsa. Yana iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.