Abin da ya kamata ku sani: ina karnukan tsere ke zuwa idan gudu ya ƙare?

Karen da Turawa ke kira greyhound dogo ne siriri, mai faɗin ƙirji da shafaffen ciki, ƙirarsa kusan ɗaya da ta karnukan farautar Buzaye na yankin Azawak. Idan ya miƙe da gudu yana kaiwa kilomita 70 a awa, babu karen da ke kamo shi. Wannan baiwa ce ta sa aka mayar da shi abin caca. Tun 1926 da aka buɗe filin Belle Vue a birnin Manchester na Ingila, ake jera karnuka a cikin keji, a saki zomon roba da na'ura ke ja, su bi shi a guje, jama'a na zuba kuɗi a kan wanda zai zo na ɗaya. Cikin rabin minti an gama. Haka ake yi a Birtaniya da Ailan da Ostireliya, da wasu 'yan wurare a Amurka.

Kare yakan fara tsere yana da shekara ɗaya da rabi, ya gama yana da huɗu ko biyar, wani ma tun kafin nan idan ya karye. Alhali tsawon ransa yakan kai shekara 12 ko fiye. Ke nan fiye da rabin rayuwarsa na nan gaba ranar da ya daina kawo kuɗi, kuma zai ci abinci, zai yi ciwo, zai buƙaci wurin kwana. Wa zai ɗauki wannan nauyi?

Amsar da aka daɗe ana bayarwa a ɓoye mummuna ce. A 2006 jaridar Sunday Times ta bankaɗo wani mai sayar da kayan gini a garin Seaham, arewa maso gabashin Ingila, wanda masu karnuka ke kai wa tsofaffin karnukansu, ya karɓi fam 10 a kan kowane ɗaya, ya harbe shi, ya binne a filin bayan gidansa. Jaridar ta ƙiyasta cewa ya kashe kusan 10,000 cikin shekara 15. Hukuncin da aka yi masa tarar fam 2,000 ce, ita ma don binne gawa ba izini, domin doka ba ta hana kisan ba. A Ailan, inda ake haifar mafi yawan karnukan da ke gudu a filayen Birtaniya, gidan talabijin na RTÉ ya nuna a 2019 cewa kusan karnuka 6,000 ake kashewa a shekara don kawai ba su da sauri. Ana yi wa waɗannan karnuka zanen lamba a cikin kunne don a san mai su, shi ya sa akan tsinci waɗanda aka yar an yanke musu kunnuwa. An ci moriyar ganga, an ya da kwaurenta.

A jihar New South Wales ta Ostireliya, kwamitin bincike ƙarƙashin tsohon alƙali Michael McHugh ya ba da rahoto a 2016 cewa cikin karnuka kusan 98,000 da aka haifa a shekara 12, an kashe tsakanin 48,891 da 68,448. Firimiyan jihar, Mike Baird, ya ce ya haramta wasan, amma bayan wata uku ya janye saboda matsin lamba. Alƙaluman nan sun nuna inda gizo ke saƙar: ana haifar 'yan kwikwiyo fiye da buƙata don a tsinci zakara ɗaya a cikinsu, da yawa kuwa ba sa ko taka filin tsere.

An samu gyara, wannan gaskiya ne. Ƙungiyar Greyhound Trust ta Birtaniya tana nema wa karnukan gidaje tun 1975. Hukumar da ke kula da wasan, GBGB, ta fito da tsari a 2020: mai kare ya ajiye fam 200 ranar yi masa rajista, hukumar ta ƙara 200 idan ya yi ritaya, a miƙa wa cibiyar da za ta riƙe shi. Yanzu kuma hukumar na wallafa lissafin rauni da mutuwa duk shekara. A 2023 an samu rauni sau 4,238, karnuka 109 sun mutu a filin wasa. Yawanci a kwana ake jin ciwo, inda karnukan ke cunkushewa da cikakken gudu su yi karo, ƙafar baya ta karye. Shi kuwa fam 400 ɗin da ake tara wa kare don ritaya, aikin karaya ɗaya a wurin likitan dabbobi ya fi ƙarfinsa.

Wanda ya tsira ya samu gida, sai ya fara koyon rayuwa daga farko. Kare ne da ya tashi a keji tsakanin 'yan uwansa, bai taɓa hawa matakalar bene ba, bai san ƙofar gilashi ba sai ya kai mata karo, bai taɓa kwana shi kaɗai ba. Za ka gan shi tsaye a gindin matakala yana rawar jiki, sai an ɗaga masa ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Fatarsa sirirya ce, ƙaramin ƙarfe na yaga ta, jikinsa ba kitse, don haka sai an sa masa riga lokacin sanyi. Haƙoran da yawa daga cikinsu sun lalace, akan cire wasu kafin a ba da su. Da yake an horar da shi ya bi duk ƙaramin abin da ya gifta, ana fita da shi da igiya da takunkumi har a ga halinsa da kyanwa da ƙananan karnuka. Abin da ke ba sababbin masu riƙo mamaki shi ne sanyin halinsa: ba shi da yawan haushi, yini yake yana barci, ɗan yawo sau biyu a rana ya ishe shi.

Sai dai gidajen ba sa isa. Cibiyoyin riƙo a cike suke, karnuka na jiran wata da watanni. Wannan na cikin dalilan da suka sa manyan ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi uku na Birtaniya, RSPCA da Dogs Trust da Blue Cross, suka nemi a 2022 a kawo ƙarshen wasan baki ɗaya. Wasu wurare sun riga sun yi. A 2018 mutanen jihar Filorida suka kaɗa ƙuri'ar hana shi da kashi 69 cikin 100, yau filaye biyu kacal suka rage a Amurka, duka a jihar West Virginia. A 2018 ɗin ce kuma aka rufe filin Makau, aka bar karnuka sama da 500, waɗanda 'yan sa kai suka rarraba zuwa gidaje a ƙasashe daban-daban. A Disambar 2024 gwamnatin Niyu Zilan ta sanar da hana wasan, ta ba da wata 20 don a nema wa karnuka kusan 2,900 gidaje, kuma nan take ta yi dokar hana kashe su ba dalili, don ta san abin da zai iya biyo baya.

A ganina, duk inda aka bar wasan nan, dole a ƙayyade yawan 'yan kwikwiyon da ake haifa, a bi sawun kowane kare daga haihuwa zuwa mutuwa, a kuma ɗora kuɗin riƙonsa a kan kamfanonin caca. Su ne ke kwashe ribar, su ya kamata su ciyar da shi har ƙarshen ransa.