Inshorar Da Na'ura Ke Biya, Da Abin Da Doka Ta Ce

Duk wanda ya zauna a kwarin Rima, daga Goronyo zuwa Wurno da Marnona har ƙasar Rabah, ya san manomin fadama yana tsakanin tsoro biyu ne, fari da ambaliya. A watan Satumba na 2010, da madatsar ruwa ta Goronyo ta cika ta tumbatsa, ruwa ya ci gonaki da gidaje masu yawa. Irin wannan hasara ce ta sa aka kafa hukumar inshorar noma, watau NAIC, tun 1987. Amma biyan diyya yakan daɗe, gama sai an aiko ma'aikaci ya duba gona, ya rubuta rahoto, sa'an nan a jira amsa daga ofis.

To, yanzu an zo da wata dabara. Akan rubuta sharuɗɗan inshora cikin kwamfuta, a haɗa ta da ma'aunin ruwan sama ko tauraron ɗan Adam. In ruwan da ya sauka bai kai adadin da aka yanka ba, sai na'ura ta tura kuɗi cikin wayar manomi, ba tare da ya kai kuka wurin kowa ba. Mu dai muna kiranta yarjejeniya mai zartar da kanta. A Kenya an fara inshora bisa ma'aunin ruwa tun 2009, ana biya ta M-Pesa.

Shin doka ta san da irin wannan alkawari? Jihar Arizona ta Amurka ta yi masa doka tun 2017. A Ingila kuwa, hukumar gyaran dokoki ta ce a 2021 dokar alkawari da suke da ita ta isa. A Nijeriya sai mutum ya tattaro zancen daga wurare dabam-dabam. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 84, ta yarda kotu ta karɓi abin da kwamfuta ta fitar a matsayin hujja. A 2025 aka sa hannu a sabuwar dokar inshora wadda ta maye gurbin ta 2003, kuma a 2025 ɗin hukumar NAICOM ta kafa ƙa'ida cewa mai sayar da inshora ta hanyar na'ura sai ya sami izninta, ko shi kaɗai yake ko tare da wani kamfani.

Inda muke so malamai da akawuna su tsaya su yi tunani shi ne nan. Ruwan da ke cin fadamar Wurno ba lalle ne a Wurno ya sauka ba. Yana iya sauka a ƙasar Katsina ko Zamfara ko Maraɗi, ya biyo kogi, ko kuwa a buɗe ƙofofin madatsa. Ashe manomi na iya rasa shinkafarsa ƙaf, alhali ma'aunin garinsu ya nuna damina ta yi daidai. Na'ura ba ta taka gonar ba, ba ta kuwa jin rantsuwa. Abin da aka rubuta mata shi za ta bi, ta hana shi ko kwabo. Kamfani kuma ya ce bai saɓa alkawari ba, kuma bisa ga takarda gaskiyarsa ne.

Abin da zai taimake shi yana cikin wata doka da ba ta inshora ba ce ma. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023, sashe na 37, ta ba mutum ikon neman ɗan Adam ya sake duba hukuncin da na'ura ta yanke masa ita kaɗai, ya faɗi ta bakinsa, ya kuma ƙalubalanci hukuncin. Wannan ba ya canza sharaɗin da ya riga ya amince da shi, sai dai in ma'auni ya yi kuskure akwai mai amsa masa. Har wa yau NAICOM tana da ofishin karɓar koke.

Galibin takardun nan da Turanci suke zuwa, manomi kuwa wurin malamin makaranta ko akawun ƙaramar hukuma zai kawo su a karanta masa. Kafin ya danna amincewa a waya, a tambayar masa: wane ma'auni za a bi, a ina aka kafa shi, kuma ambaliyar kogi tana cikin sharaɗi ko kuwa fari kaɗai aka rubuta?